Yadda Ake Karɓar Baƙuncin Sojojin Kiyaye Zaman Lafiya na Ƙasashen Waje a Sakkwato

Babu wata rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka girke a Sakkwato, amma hakan bai hana sojojin kiyaye zaman lafiya masu shuɗiyar hula taka birnin Shehu ba. Tun daga 1960, lokacin da Najeriya ta tura sojoji da 'yan sanda zuwa Kwango, 'ya'yan wannan ƙasa suke fita aikin kiyaye zaman lafiya. Sun je Labanan a 1978, sun je Laberiya a 1990 a ƙarƙashin rundunar ƙasashen Yammacin Afirka ta ECOMOG, daga nan Saliyo, sai Darfur daga 2004, sai kuma Mali a 2013. Duk wanda ya yi wata shida ko shekara guda a irin wannan fage yakan dawo da abokai daga ƙasashen da a da sai a rediyo yake jin sunansu, kuma wasu daga cikin abokan nan sukan zo kwas makarantar soja ta Jaji ko Abuja, su ce ba za su koma gida ba sai sun ga gidan abokinsu. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ma tsohon Birgediya Janar ne wanda ya yi irin wannan aiki a Cadi da Saliyo, kuma ya wakilci sojan Najeriya a ofishin jakadancinmu da ke Pakistan kafin a naɗa shi a 2006.

Wannan bayani na maigidan da irin waɗannan baƙi za su ci abinci a gidansa ne, ko soja ne mai ci, ko wanda ya yi ritaya, ko uban da ɗansa ya ce masa zai kawo abokan aikinsa su gaishe shi. Basakkwace ba ya buƙatar a koya masa son baƙo. Abin da yake buƙatar shiri shi ne sanin abin da baƙon yake iya ci, sannan fiye da haka, sanin yadda za a bi da hira, domin sojan da ya daɗe nesa da gida ba ya daɗewa a gaban akushi bai ambaci ƙasarsu ba, kuma yadda maigida ya karɓi wannan ambato shi ne zai sa zaman ya yi armashi ko ya yi tsami.

Abu na farko shi ne sanin hukuma. Soja ba ya fita yadda ya ga dama, balle a ƙasar da ba tasa ba, saboda haka ka bar wanda ya gayyato su ya sanar da shugabanninsa a bariki, su faɗi lokacin da ya dace da kuma ko za a haɗo su da 'yan rakiya. Kada ka yayata zuwansu a majalisa ko a WhatsApp kafin su zo, kuma kada ka shirya kai su ƙauye ko gona bisa ra'ayin kanka, domin kowa ya san halin da tsaro yake ciki a wasu sassan jihar. Ka tambayi adadinsu har da direbobi da masu rakiya. Waɗannan su ne aka fi mantawa da su, alhali kuwa hafsan kirki yakan tambayi ko yaransa sun ci kafin shi ya sa hannu.

Daga nan sai ka nemi sanin ƙasar da kowane baƙo ya fito da kuma addininsa, tun kafin a je kasuwa. Ƙasashen da suka fi ba Majalisar Ɗinkin Duniya sojoji sun haɗa da Nefal, Bangaladesh, Indiya, Ruwanda, Pakistan da Gana, kuma kowace da irin cimarta. Mafi yawan mutanen Nefal da Indiya mabiya addinin Hindu ne, ba sa cin naman shanu, a Nefal ma doka ta hana yanka saniya. Wannan yana nufin kilishi da balangu da tsire, waɗanda da su muka saba burge baƙo, suna iya zama abin da zai sa shi tsame hannu daga abincin baki ɗaya, musamman idan aka ɗora su a tire ɗaya da sauran abinci. Da yawa daga cikin Indiyawa ma ba sa cin nama kowane iri. Mabiya addinin Sikh masu riƙo da addininsu, waɗanda za ka gane yawancinsu da rawani da gemu, ba sa cin naman da aka yi wa yankan addini irin namu, don haka abincin da ba nama shi ne mafi kwanciyar hankali a gare su. Yawancin Kiristocin Habasha kuwa suna ƙaurace wa nama da nono da ƙwai a mafi yawan ranakun Laraba da Juma'a. Man shanu da nono ba su da matsala ga Bahindu, yana ma darajanta su.

Mafita mai sauƙi ita ce a sa naman akuya ko na rago ko kaza a madadin na shanu, a kuma dafa miya ɗaya wadda nama bai shiga tukunyarta ba ko kaɗan, kada a ce an tsame naman kawai an bar romon. Jar akuyar Sakkwato ta isa fita kunyar baƙo. Tuwon shinkafa da miyar taushe yana karɓuwa ga kusan kowa, haka masa, haka shinkafa da wake da mai da yaji, wanda ba shi da nisa da abin da mutumin Nefal yake ci kullum a gidansu, wato shinkafa da miyar wani ƙanƙanin wake. Mutumin Bangaladesh kuwa ka ba shi shinkafa da kifi ka gama da shi. Miyar kuka da ta kuɓewa a kawo su a ɗan ƙaramin kwano domin ɗanɗano, saboda ba kowa ne ya saba da yauƙi da ƙamshin daddawa ba, kuma bai kamata su zama su kaɗai ne miyar da ke gaban baƙo ba. Idan akwai mai iya yin hoce a gidan a kawo shi, domin yana cikin abin da baƙon ba zai ci karo da shi a otal ɗin Abuja ba. Yaji a ajiye shi gefe kowa ya ɗiba daidai bakinsa.

Akwai abubuwa biyu na lafiya da ba a wasa da su. Na ɗaya shi ne gyaɗa, domin akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarta har takan kai su asibiti, ga shi kuwa tana cikin miyar taushe da ƙuli-ƙulin tsire da kilishi da kwaɗon zogale, saboda haka a tambaya tun farko. Na biyu shi ne fura da nono. Ba a karɓar baƙo a Sakkwato a hana shi fura, amma a dama ta da kindirmon da aka tabbatar an dafa madararsa, da ruwan gora mai hatimi, kuma kada a jefa ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba. Baƙon da ya kwana yana zarya bayan gida ba zai tuna daɗin furar ba. Haka nan a gaya musu tun kafin su zo cewa babu giya a gidan kuma ba a kawo ta, saboda a wasu ƙasashe kwalba ita ce tsarabar da baƙo yake riƙowa, kuma gara a faɗa da wuri da a mayar da ita a ƙofar gida.

Lokaci ya danganta da yanayi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, cin abincin rana azaba ne ga wanda bai saba ba, sai a bari sai bayan sallar Magariba ko Isha'i a shimfiɗa a tsakar gida ko a zaure mai iska. A lokacin hunturu bayan Azahar ma ya yi. Idan lokacin salla ya riske ku kuna zaune, ka tashi da Musulmin cikinsu ku yi sallarku, ka bar wani ya zauna da sauran, babu wani neman afuwa da ake buƙata a kan wannan.

Wajen zama, ka kula da muƙami, domin soja ko ya tuɓe kaki bai tuɓe muƙaminsa ba. Babban cikinsu ya zauna kusa da kai, shi za a fara miƙa wa ruwan wanke hannu, kuma ƙananan ba za su fara ci ba sai ya fara. Ka kira shi da muƙaminsa ko ka ce Yallaɓai, shi kuma idan ya ga furfurarka zai iya kiranka Baba kamar yadda ya ji ɗanka yana kira, sai ka amsa. Mutanen Senegal da Gana da Pakistan da Bangaladesh sun saba cin abinci da hannun dama, wasunsu ma a kwano ɗaya kamar mu, amma ka tanadi cokali da faranti da kujera saboda wanda gwiwarsa ba ta saba da tabarma ba. A yau akwai mata da yawa a wannan aiki, har Indiya ta taɓa tura rukunin 'yan sanda mata zalla zuwa Laberiya a 2007. Idan akwai mace a cikin baƙin, a tambaye ta ta bakin abokin aikinta ko za ta ci tare da tawagarta ko za ta shiga wajen uwargida. Abin da ya fi kyau shi ne ta ci tare da abokan aikinta, sannan uwargida ta aiko a shigar da ita ciki su gaisa, domin tura hafsa mai muƙami cikin gida ba tare da an tambaye ta ba tana iya ɗaukarsa rage mata daraja ne.

Bayan an yi bisimilla an fara ci, sai batun hira. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma za ka ji shi da wuri. Mutumin Nefal zai gaya maka cewa ba a taɓa yi wa ƙasarsu mulkin mallaka ba, cewa dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, mai sama da mita 8,800, yana kan iyakarsu, cewa tutarsu ita kaɗai ce a duniya ba mai kusurwa huɗu ba. Mutumin Gana zai tuna maka cewa sun riga mu samun 'yanci, ranar 6 ga Maris 1957, kuma Kofi Annan nasu ne. Bahabashe zai kawo yaƙin Adwa na 1896 da suka ci Italiya. Mutumin Ruwanda zai yi maka bayanin tsaftar Kigali da aikin gayyar da ake yi ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata. Kuskuren da masu gida da yawa suke yi shi ne su ɗauki wannan a matsayin gori, su fara neman abin da za su rama da shi. Ba gori ba ne a mafi yawan lokuta. Mutumin da ya yi watanni yana kwana a tanti a ƙasar da ba ya jin harshenta, wanda aka haifa masa ɗa ko aka binne masa uwa ba ya nan, idan ya yabi ƙasarsa kewa ce take magana, kuma bai samu wanda zai gaya wa ba sai da ya ga shimfiɗar fuskarka.

Saboda haka aikinka a wannan gaɓa shi ne tambaya. Ka tambaye shi garinsu, ba ƙasarsu kaɗai ba. Ka tambayi abin da ake nomawa, da watan da damina take sauka, da abin da mahaifiyarsa take dafawa ranar biki, da yadda ake neman aure a wajensu. Idan ya ciro waya zai nuna maka hoton 'ya'yansa ko gonar shinkafar mahaifinsa, ka karɓa ka duba da kyau, ka miƙa wa na kusa da kai, ka sa musu albarka. Idan kana so ka girmama shi fiye da haka, ka shigo zaman da sanin abu ɗaya na gaskiya game da sadaukarwar sojojin ƙasarsu. Basenegale zai miƙe zaune idan ka ambaci Kyaftin Mbaye Diagne, wanda ya ceci mutane masu yawa a kisan kiyashin Ruwanda kafin a kashe shi a Kigali a watan Mayun 1994, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro lambar jarunta da sunansa a 2014. Mutumin Gana ya san cewa sojojinsu suna cikin 'yan kaɗan da suka tsaya a Ruwanda a wannan shekara lokacin da aka janye mafi yawan rundunar. Mutumin Pakistan bai manta da sojojinsu 24 da aka kashe a Mogadishu a watan Yunin 1993 ba. Shi kuwa na Bangaladesh, ka tambaye shi ranar 21 ga Fabrairun 1952, lokacin da aka harbe ɗalibai a Dhaka saboda kare harshensu, ranar da yanzu duniya take bikin harshen uwa a cikinta. Abu ɗaya ya isa. Wanda ya haddato tarihin ƙasar baƙo yana karanta masa ya koma mai nuna ilimi, ba mai sauraro ba.

Ba za a daɗe ba baƙon zai juyo ya tambaye ka naka, kuma a nan ne na fi ganin mutanenmu suna tuntuɓe. Wasu sukan ɗauka cewa faɗin gaskiya shi ne su zauna gaban baƙo su yi wa Najeriya tatas, su ce ƙasa ta lalace, babu wuta, babu tsaro, shugabanni ɓarayi ne. Baƙon ya san matsalolin nan, ya gan su a hanya, ƙasarsu ma tana da nata. Amma mutumin da ya sa tutar ƙasarsa a kafaɗa ya yarda ya mutu a ƙarƙashinta ba ya ganin ƙimar wanda yake zagin tasa a gaban bare, ko da ya yi dariya saboda kara. Wasu kuma sukan bi ta ɗaya gefen, su cika baki da cewa mu ne giwar Afirka, mu muka ceci Laberiya da Saliyo, su manta cewa akwai mutumin Gana ko na Gini a zaune wanda nasu ma suka mutu a can. Idan za ka ambaci rawar Najeriya, ka ambace ta a matsayin nauyin da aka ɗauka tare. Ka iya tuna harin Haskanita na watan Satumbar 2007 a Darfur, inda mafi yawan sojojin Tarayyar Afirka da aka kashe 'yan Najeriya ne, amma akwai na wasu ƙasashe a cikinsu.

Basakkwace yana da abin faɗa wanda ba ya buƙatar ƙari. Ka ba su labarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jihadin 1804, da yadda Muhammadu Bello ya kafa wannan birni a 1809, da cewa shugabannin daular malamai ne da suka bar ɗimbin littattafai da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ka ambaci Nana Asma'u da 'yan taru da ta shirya domin karantar da matan karkara, musamman idan akwai mace a cikin baƙin. Ka gaya musu cewa fatar jar akuyar da suke cin namanta ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta hannun 'yan kasuwar can take isa gare su. Idan akwai Bature ɗan Birtaniya a zaune, ba laifi ka ce ɗan ƙasarsu, matafiyin nan Clapperton, ya ziyarci Sarkin Musulmi Bello a 1824 kuma a nan ya rasu a 1827, ka kuma faɗi cewa a filin Giginya aka gwabza da sojojinsu a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi miƙa wuya har ya yi shahada a Burmi. Ka faɗe shi da murya ɗaya da wadda ka faɗi sauran, ba tare da kallonsa kamar shi ya harba bindigar ba. Soja yana girmama wanda ya tsaya ya yi yaƙi, ko da da kakanninsa aka yi. In lokaci da izini sun samu, a kai su Hubbaren Shehu da gidan tarihi na Waziri Junaidu su gani da idonsu, a gaya musu tun a gida irin suturar da ta dace da wurin.

Akwai batutuwan da maigida zai kawar da hira daga kansu da zarar ya ji ta nufi can. Idan Ba'indiye da ɗan Pakistan suna zaune tare, kada a taɓo Kashmir. Idan ɗan Pakistan da ɗan Bangaladesh ne, kada a tono yaƙin 1971, ko da yake a wajen na biyun shi ne yaƙin 'yancinsu. Kada ka kuskura ka tambayi ɗan Ruwanda ko shi Hutu ne ko Tutsi. Da maƙwabtanmu na Nijar kuwa, waɗanda yawancinsu 'yan'uwa ne da ba sa buƙatar tafinta, ficewarsu daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso a watan Janairun 2025 ba batun kan akushi ba ne. Haka nan ƙorafe-ƙorafen da ake yi wa aikin kiyaye zaman lafiyar kansa, irin waɗanda suka sa Mali ta nemi a kwashe rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2023, idan baƙon ya kawo su da kansa ka saurara, idan bai kawo ba ka bar su. Kada a tambaye shi yawan albashinsa, ko inda rundunarsa take, ko mutum nawa ya taɓa kashewa, tambayar da yara suka fi so, don haka a ja musu kunne tun da safe. Muhawarar da ba ta da illa ita ce ta ƙwallo da ta wa ya fi iya dafa-duka tsakanin Najeriya da Gana da Senegal. A wannan ka yi gardama iya ƙarfinka, sai dai ka sani cewa Basenegale zai ce maka hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa shinkafa da kifinsu cikin kayan gadon duniya a 2021, kuma gaskiyarsa ce.

Kada ka matsa wa baƙo da ƙari fiye da sau biyu. Idan ya ce ya ƙoshi a ɗauke, a kawo shayi, domin daga Dakar har Dhaka shayi yana cikin abin da ake rufe zama da shi. Hoto sai da izinin babban cikinsu, sa shi a intanet kuma sai bayan sun bar gari, in ma sun yarda. Tsaraba ta zama mai sauƙi, saboda dokokin aikinsu ba su yarda su karɓi kyauta mai tsada ba, kuma ƙasashe da yawa ba sa bari a shiga musu da nama ta filin jirgi, don haka kilishi sai dai na ci a hanya. Jakar fata ko takalmi ko hula daga hannun dukawa da masu ɗinkin garin nan sun wadatar. Ka raka su har bakin mota, ka gaisa da direbobin, ka tabbatar an ba su nasu abincin tun ɗazu.

Mai yiwuwa su ma su gayyace ka, a masaukinsu ko a bikin ranar ƙasarsu. Ka je, ka sa babbar rigarka, ka tashi tsaye idan ana taken ƙasarsu. Idan masu gayyatar ba Musulmi ba ne, ka gaya wa wanda ya gayyace ka tun kafin ranar cewa ba ka cin alade, ba ka shan giya, kuma nama sai na yankan Musulmi. Sojan da ya yi aiki cikin rundunar ƙasashe da yawa ya saba jin irin wannan bayani, kuma zai sa a tanadar maka kifi ko abincin ganye.